Ranar da hadari ya tare mu a saman Landan, ni da Kawu

Tun ina yaro abin da na sani game da aikin Kawu shi ne wai a filin jirgi yake aiki, shikenan. In an tambaye mu sai muce kawunmu ma'aikacin jirgin sama ne, har wasu na zaton tuƙi yake. Abin da na fi tunawa dai shi ne in ya dawo daga aikin dare baya magana da kowa, zai zauna bakin gado da takalminsa a ƙafa ya ƙura wa bango ido, a kore mu daga ƙofar ɗakin ace kar a dame shi. Shekara 31 yayi yana aikin kula da zirga-zirgar jiragen sama, wato kwantirola, kafin yayi ritaya, amma wallahi ban san me mutumin nan yake ɗauke dashi a kansa ba sai a wannan tafiyar da na raka shi Landan ganin likitan ido a watan Yuli.

A Istanbul muka canja jirgi. Ƙarfe ɗayan rana ya kamata mu tashi, an shiga, an rufe ƙofa, kowa ya ɗaura bel, sai shiru, jirgi ko motsi. Can sai matuƙin ya yi magana ta lasifika yace an ba mu lokacin tashi nan da awa ɗaya da minti 40 saboda hadari a kan hanya da kuma can Landan ɗin. Nan da nan guna-guni ya tashi, nima kam ina ciki. Na leƙa taga, rana tana ƙwallewa, ko ɗigon gajimare babu. Nace Kawu wane irin hadari kuma, ko dai jirgin ne ya samu matsala suke ɓoye mana?

Ya ɗan juyo ya kalle ni da idonsa mai lafiyar, yace ɗana, hadarin ba a nan yake ba, kuma ba don hadarin kaɗai aka ajiye mu ba, don kan wani mutum aka ajiye mu. Nace wane mutum? Yace wanda zamu shiga hannunsa nan da awa 3.

Sai ya fara yi min bayani a hankali, irin yadda ban taɓa ji yayi a gida ba. Yace sararin samaniya duk a yanke yake gida-gida, kowane yanki akwai mutum ɗaya ko biyu a zaune gaban sikirin na radar da hedfon a kunne, su ke da alhakin duk jirgin da ya shiga yankin har ya fita su miƙa shi ga na gaba. Kuma kowane yanki an san adadin jiragen da zai iya ɗauka a awa guda ba tare da aiki ya fi ƙarfin mai shi ba. To in hadari ya haɗo sai a rage wannan adadin. A Turai akwai cibiyar Eurocontrol a Brussels ta ƙasar Beljiyam, ita ke duba jiragen nahiyar gaba ɗaya tun kafin su tashi, in taga wani yanki zai cika ya batse sai ta riƙe jiragen da zasu bi ta nan a ƙasa, ta ba kowanne lokacinsa, kuma lokacin ba na wasa ba ne, minti 5 kafin ko minti 10 bayan, in ka wuce sai a sake baka wani. Yace jirgin da yake ƙasa injinsa a kashe ba ya ƙona mai, ba ya cin hankalin kowa, ba zai yi karo da kowa ba. Gara ka jira a nan da ka jira a sama.

Nayi shiru, amma gaskiya a lokacin raina bai gama kwanciya ba, saboda mutum in yana zaune a kujera matsatstsiya zafi na damunsa ba kasafai hujja ke shiga kansa ba.

Mun tashi wajen uku saura. Awa biyun farko lafiya lau, Kawu har yayi barci. Muna shiga saman Jamus abin ya canja. Na buɗe taga naga wani abu da har yanzu in na rufe ido ina ganinsa: gizagizai a tsaye kamar duwatsu, ƙasansu baƙi ƙirin, samansu fari fat ya baje kamar maƙera, kuma sun fi mu tsawo alhali muna can sama da ƙafa 35,000. Walƙiya tana wasa a cikinsu ba sauti, sai dai kaga ciki ya haskaka ya mutu. Suna jere ne kamar katanga, sai ɗan gibi nan da can. Jirginmu ya karkata dama, ya daidaita, bayan minti kaɗan ya karkata hagu, ya sake dawowa. A ɗan taswirar da ke bayan kujera layin tafiyarmu da yake miƙe ya koma kamar sawun maciji. Can nesa na hango wani jirgin yana bin gibin da muke nufa, a ƙasa da mu kaɗan, sai wani kuma a sama, gabana ya faɗi.

Kawu ya farka tun karkatawar farko, ba wanda ya tashe shi. Na nuna masa jiragen, yace kar ka damu akwai ƙafa 1,000 tsakaninmu da kowanne, wannan ita ce ƙa'ida a tsaye, in kuma a jere ne a tsayi ɗaya to mil 5. Amma yace ka dubi abin da ke faruwa, duk jiragen nan kowa da hanyarsa da, yanzu kowa gibi ɗaya yake so. Ba matuƙin da zai shiga cikin wancan dutsen, akwai ƙanƙara a ciki, akwai iskar da ke hawa da sauka da ƙarfin da zai iya jijjiga jirgi ya ji wa mutane ciwo, shawarar da ake basu ma su yi nesa da irin wannan da mil 20. Kuma kwantirola ba shi da ikon ya tilasta wa matuƙi shiga hadari, in matuƙi yace ba zan iya bi ta nan ba magana ta ƙare, sai dai kai ka nemo masa hanya, ka kuma kawar da duk wanda sabuwar hanyar zata haɗa shi da shi.

A nan ne ya faɗa min abin da ya fi tsaya min a rai a duk tafiyar. Yace a ranar da gari yake garau, jirgi ɗaya zai iya ratsa yankinka ka yi masa magana sau 2 kacal, sannu da zuwa, sauka lafiya. Ranar hadari jirgi ɗayan nan sai ya kira ka sau 6 sau 7, ina so in kauce dama, ina so in ƙara, ina so in hau, akwai gargada a nan a sauke ni. Kuma layin rediyon guda ɗaya ne ga kowa, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, in biyu suka danna tare sai ƙara kawai kaji ba wanda ya ji wani. Duk umarnin da ka bayar dole matuƙi ya maimaita maka, dole ka saurara ka tabbatar abin da ka faɗa ya ji, don kana iya cewa ƙafa 12,000 ya maimaita 11,000, in kunnenka ya wuce wannan to ka saka jirgi biyu a hawa ɗaya da bakinka. Kana cikin haka wani ya kauce har ya shiga yankin maƙwabcinka, dole ka ɗauki waya ka sanar dashi, shi ma a can ruwa ya kai masa wuya. Hadarin kuma ba a tsaye yake ba, gibin da ka tura jirgi 5 ta ciki yanzu, kafin na 6 ya iso ya rufe. Yace adadin jiragen bai ƙaru ba fa, aikin ne ya ninka.

Nace to ba kwamfuta ke yin lissafin ba? Yace kwamfuta tana taimakawa ƙwarai, tana yi maka ƙara in taga biyu zasu matso, su ma jiragen suna da na'urarsu mai gargaɗin karo. Amma akwai abin da suke kira hoto, wato duk jiragen nan kana riƙe dasu a cikin kanka, wa ke ina, ina zai kai nan da minti 3, wa ka yi wa alkawarin sauka, wa ke jiran amsa. Yace abin da kowane kwantirola yake tsoro a duniya shi ne hoton nan ya zube masa, ya kalli sikirin yaga ɗigo-ɗigo kawai bai san ta ina zai kama ba. Ya ce tsakanin hadari da haɗari ɗan lanƙwasan harafi ne, kuma a wurin aikinsu lanƙwasan nan shi ne kan mutumin da ke zaune.

Ya nuna taswira yace yanzu ina jin muna hannun mutanen Maastricht, wata cibiya a ƙasar Holan da ke kula da can saman Beljiyam da Holan da Luksambog da wani ɓangare na Jamus, daga nan su miƙa mu ga Ingila. Na zaci wanda ke cikin doguwar hasumiyar filin jirgi shi ke yin komai, ashe shi nasa titin sauka da tashi ne da kewayen filin. Waɗanda ke tara jiragen Landan su jera su suna can Swanwick a kudancin Ingila kusa da Southampton, a babban ɗaki, ba sa ma ganin jirgin da idonsu.

Da muka tsallaka teku sai matuƙin ya sanar cewa zamu yi shawagi na ɗan lokaci saboda hadari ya sauka a kan Heathrow, babban filin jirgin Landan. Kawu yace Lambourne kenan. Ya ciro tikitocinmu da fasfo biyu da wata 'yar takarda daga aljihu, ya sauke teburin gabansa ya ɗora su ɗaya kan ɗaya da yatsunsa a tsakani. Yace Heathrow tana da wuraren jira 4, Bovingdon, Lambourne, Ockham da Biggin Hill, a kowanne jirage suna zagaye kamar benaye, na ƙasa wajen ƙafa 7,000, kowanne ƙafa 1,000 a kan ɗan'uwansa. Ya zare takardar ƙasa, sauran suka sauko hawa ɗaya ɗaya, yace haka ake yi, a zare na ƙasa a kai shi titi, kowa ya sauko, sabon zuwa ya hau can sama. A ranar lafiya kusan duk sakan 90 jirgi ke sauka, filin tituna 2 ne kawai gare shi kuma jirage wajen 1,300 ke sauka da tashi a rana, babu wani rarar wuri. To in aka daina zarewa ta ƙasa na minti 20 kacal, ta sama kuma ba a daina zuwa ba, kai ma ka san abin da zai faru. Ga kuma filayen Gatwick da Stansted da Luton da filin cikin gari duk a sararin nan ɗaya, kowa da nasa jiragen.

Muka shiga zagaye. Ma'aikatan jirgi an ce su zauna. Ruwa yana gudu a jikin taga a kwance, fiffike yana lanƙwasawa yana dawowa, wani lokaci jirgin ya faɗa kamar an zare masa ƙasa cikinka ya taso. Wata mata a bayanmu tana ta addu'a da yarensu, ni ma bakina bai huta da salati ba. Na kalli Kawu, idonsa a rufe, amma leɓensa na motsi kuma babban yatsansa yana danna gefen ɗan manuninsa, ya danna ya saki, ya danna ya saki. Na zaci tasbihi yake. Daga baya da na tambaye shi yace a'a, yatsan da yake danna maɓallin magana ne, shekara da shekaru da barin aiki bai daina ba. Kuma ƙirga yake, kowane zagaye minti 4 ne, yana ƙirga nawa muka yi don ya kimanta man da ya rage.

Zagaye 8 muka yi. A na 6 ya buɗe ido yace akwai agogo biyu da suke gudu yanzu, na hadari da na tanki. Doka ta ce jirgi irin wannan dole ya sauka da ragowar man da zai iya shawagin minti 30, ba a taɓa shi, bayan man da zai kai shi wani filin in nan ya gagara. In matuƙi yaga abin ya fara matsewa akwai kalmar da zai faɗa cewa mansa ya kai iyaka, in ya wuce nan sai Mayday, kalmar gaggawa, sau 3, a nan kowa sai ya kauce masa. Yace kalmomin nan da jini aka koye su. A ranar 25 ga Janairun 1990 wani jirgin Avianca ƙirar Boeing 707 daga Kolombiya ya iso New York cikin mummunan yanayi, aka yi ta ajiye shi a shawagi sama da awa guda, matuƙan suna cewa a basu fifiko mai yana ƙarewa, amma basu furta kalmar gaggawa ba, su kuma kwantirololi aiki ya yi musu yawa ana miƙa jirgin daga hannu zuwa hannu, nauyin maganar ya ɓace a hanya. Suka gwada sauka iska ta hana, kafin su zagayo injina suka mutu, mutum 73 suka rasu cikin 158.

Ban so jin wannan labarin a daidai lokacin ba, na faɗa masa. Ya dafa hannuna yace yi haƙuri ɗana, na faɗa maka ne don ka san abin da ya sa yau ba za a bari mu kai can ba.

Aka zare mu daga zagaye. Na ji ƙarar fitar tayoyi, gidaje suka fara bayyana ta cikin ruwa, jajayen rufi, motoci da fitilu a kunne da rana tsaka. Jirgin yana ta rawa, hanci ya karkace gefe. Na hango shingen filin, har na fara cewa Alhamdulillahi, sai injina suka yi wani irin ruri, kujera ta manne min a baya, muka cilla sama. Wani ya ƙwala ihu, yara suka fashe da kuka. Kawu ko gezau, yace daidai, yayi daidai. Ya ce iska ce ta juya masa kusa da ƙasa, in na'ura ta yi gargaɗin wannan ba a jayayya, tashi ake. Irin wannan iskar ce mai dukan ƙasa daga cikin hadari ta kayar da jirgin Delta a Dallas a watan Agustan 1985, daga nan aka dage wajen saka na'urorin gano ta a jirage da filaye. Amma yace ka tuna da na ƙasa, ya riga ya cire mu daga lissafinsa ya jera na bayanmu, yanzu mun dawo masa ba shiri, a sararin da jirage masu tashi ke bi, dole ya nema mana wuri a cikin sakanni.

Minti kaɗan matuƙin yace ba zai sake jira ba, Birmingham zamu. Ba mu yi rabin awa ba muka sauka, can ma ana yayyafi amma ƙasa ta karɓe mu lafiya. Wasu suka tafa. Aka ajiye mu can gefe, ta taga na ƙirga wasu jirage 3 da ba nan suka nufa ba su ma.

Awa biyu da rabi muka yi a zaune ba a buɗe ƙofa ba, ana jiran motar mai da sabon lokacin tashi. A nan wani fasinja ya miƙe ya dinga yi wa wata ma'aikaciyar jirgi faɗa, wai shi yana da taro, wai waɗanda ke hasumiya basu san aikinsu ba, ga wasu jiragen sun sauka me ya sa mu ba mu sauka ba. Yarinyar tana ta ba shi haƙuri. Raina ya ɓaci sosai, kuma wani ɓangare na ɓacin ran da kaina nake, saboda awa 6 da suka wuce a Istanbul maganar da ke bakina kenan.

Kawu bai tanka masa ba. Ni ya juyo ya ba labari, muryarsa ƙasa-ƙasa. Yace akwai wani dare a filin da yayi aiki, hadari ya rufe ko'ina, abokin aikinsa bai samu zuwa ba kuma ba wanda zai maye gurbinsa, shi kaɗai da jirage 11 a rediyo, ya kusa awa 4 bai tashi daga kujera ba. A lokacin kowane jirgi da 'yar siririyar takardarsa da ake jerawa a gabanka kana rubutu a kai. Yace ya fita da goma lafiya ɗaya bayan ɗaya, hadari ya fara lafawa, ya sauke ajiyar zuciya, ya miƙa hannu zai sha ruwa, sai idonsa ya faɗa kan takarda ɗaya da ta zame gefe. Jirgin da ya ce wa ya sauko zuwa wani hawa ya jira, ya manta dashi ƙwata-ƙwata, kuma ya riga ya ba wani izinin ratsa hawan. Yace bai fi sakan 40 ba tsakanin ganin takardar da gyara abin, ba wanda ya sani a cikin jiragen biyu, fasinjoji sun sauka sun tafi gidajensu. Shi kuma ya rubuta rahoto da hannunsa yana rawa. Yace ba a tsakiyar ruwan ake faɗuwa ba sau da yawa, sai an fara ganin tudu, lokacin da jiki ya saki.

Nace Kawu shi ne daren da kake zama bakin gado? Yace wanne daga ciki.

Na rasa abin cewa. Shi ya ci gaba, yace shi ya sa duk wanda zai yi maka maganar tsaron jirgin sama bai yi maganar yawan ma'aikata da hutunsu ba to bai fara ba. A Ingila ƙa'idarsu kwantirola ba zai wuce awa 2 a kan kujera ba sai ya tashi ya huta minti 30, don haka wanda ya riƙe mu a Lambourne tuni wani ya karɓe shi. A Amurka shekara 56 ake ritaya dole a wannan aikin, kuma a 2024 hukumar jiragensu ta sanar da ƙara hutun da ke tsakanin duti da duti zuwa awa 10 saboda gajiya ta yi yawa. Ya kawo misalin haɗarin garin Uberlingen, daren 1 ga Yulin 2002, a iyakar Jamus da Suwizalan, inda jirgin fasinja na Rasha da jirgin kaya na DHL suka yi karo a sama mutum 71 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Mutum ɗaya aka bari a Zurich yana kula da sikirin biyu, abokinsa yana hutu, ana gyaran na'urori, layin waya ba ya aiki. Yace ranar ko hadari babu fa, to ka ɗora hadari a kan irin wannan. Shi kwantirolan ma daga baya a 2004 wani da ya rasa iyalinsa a haɗarin ya bi shi har gida ya kashe shi. Da ya zo nan sai yayi shiru ya daɗe yana goge gilashinsa.

Hazo kuma yace wani babi ne daban, shi ba ya ruri ba ya walƙiya, makantar da kai kawai yake. Tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen a 1977, manyan Boeing 747 biyu a titi ɗaya, na hasumiya baya ganinsu, su basa ganin juna, filin babu radar ta ƙasa, maganganu biyu suka haɗu a rediyo suka toshe juna, jiragen suka yi karo, mutum 583 suka rasu. Tun daga nan aka tsaurara kalmomin rediyo, kalmar tashi ba a furta ta sai lokacin da ake ba da izinin tashin da gaske ko ake soke shi. Sai filin Linate a Milan a 2001, hazo ne shi ma, mutum 118. Shi ya sa yau in hazo ya sauka ake ninka tazarar jirage masu sauka, ana ninka tazara kuwa adadin masu sauka ya ragu, jinkiri ya bazu har ƙasashen da rana take haskawa.

Ni dai a zaman nan na Birmingham na sauya ra'ayi a kan jinkiri, kuma na samu abin da ya fi cancanta in ji haushinsa. Hadari ba laifin kowa ba ne. Amma barin mutum ɗaya a kujerar mutum biyu, ko a dawo dashi aiki bai yi barci ba, ko radar ta lalace a bar ta wata da watanni, wannan mutane ne suke zama su yanke, kuma mu fasinjoji ba ma gani, sai allon da ya rubuta an jinkirta muke gani mu hau zagi. In supabaiza ya ɗaga waya yace a rage min jirage yarana sun cika, ni yanzu ina tare dashi ko da zan kwana a kujerar filin jirgi.

Wajen takwas da rabi na dare muka tashi, tafiyar ba ta kai minti 30 a sama ba, zagaye ɗaya kawai muka yi aka zare mu. Hadarin ya yi gabas, ana hango walƙiyarsa can nesa, titin Heathrow yana ta ƙyalli da ruwa. Kafin mu gama da shige da fice, mu jira jakunkuna da suka daɗe basu fito ba, mu kai masauki, sha biyu ta gota.

Na kwanta kamar an jefar dani. Wajen ƙarfe biyu na farka naga fitilar gefen gado a kunne, Kawu yana zaune bakin gadonsa, takalmi a ƙafa, ido a bango. Nace Kawu ba ka kwanta ba, ƙarfe tara fa zamu ga likita. Yace wannan abin naku na waya da ake ganin jirage, kana dashi? Na buɗe masa Flightradar24 na matso da taswirar kan Landan na miƙa masa. Ya kawo wayar dab da idonsa mai gani, ya ja da yatsa zuwa arewa maso gabas inda muka yi zagaye, ba kowa. Ya duba sauran ukun ɗaya bayan ɗaya, Bovingdon, Ockham, Biggin Hill, duk wayam, sai wani jirgi ɗaya can sama yana wucewa abinsa. Ya miƙo min wayar, ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa, yace kashe fitilar.